Mai Makulli da Uwar Kumatu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya masu jikin da kuke jinya? Allah ya ba da lada. Mu ma nan lafiya lau, sai kewarki. Ɗinkin tiyatar haihuwar yana ta warkewa, sai dai in na yi tari ko dariya ya ɗan ja ni. Dariyar na rage ta, tarin ne ba ya shawara da ni.

Direban da ke kai muku magunguna ya ce zai riƙa karɓar mana wasiƙa duk sanda ya shigo gari, tunda waya ba ta shiga can wajenku. Ga ni nan ina rubutu da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da ɗanki, don haka in kin ga layi ya karkace, shi ya shure ni.

Babansa ya laƙaba masa Kumatu, sunan kuma ya bi shi. Yaya, in yaron nan ya kama nono sai gumi ya tsatso masa a karan hanci, kamar mai aikin ƙarfi. In ya gama ya yi gyatsa irin ta magidanta, ya bi ta da tumbuɗi a kafaɗata. Ba ni da sauran riga da ba ta da farin tambari a kafaɗar hagu. Barci kuwa sai ina tsaye yake yi. Ko a hankali na lallaɓa na zauna a bakin gado, sai ya buɗe ido ɗaya ya dube ni, kamar ya ce wa ya ba ki izini? Babansa ya koma hanya da tirelarsa, sai sanda Allah ya dawo mana da shi.

Duk wannan ba komai ba ne. Damuwata matar da muke haya a gidanta ce. 'Yan haya suna ce mata Mai Makulli, saboda tarin makullan da take ɗaurewa a gefen zani, tun daga nesa za ki ji tana ƙacau-ƙacau. Tunda na haihu ta sa mini ido. Famfo ta sa masa kwaɗo, da hantsi ya yi ta rufe, ni kuwa mai jariri wanki ba ya ƙare mini. Igiyar shanyata ta kwance, wai nafkin yana ɓata mata kyan tsakar gida, yanzu a bayan kujera da jikin taga nake shanya. In Kumatu ya yi kuka sai ta ɗaga murya daga ɗakinta: "A ba yaro nono mana, ko babu ne?" Abin da ya fi ci mini rai, in za ta fita unguwa sai ta kulle ƙofar gida ta waje, wai ɓarayi. Sauran 'yan haya da sassafe suke fita aiki, ni da Kumatu kaɗai ake rufewa. Na roƙe ta makulli ɗaya, ta ce gida mai shi ɗaya ne.

Yaya, ko da yake kakanni ne suka haɗa mu, ke kika goye ni, kuma tunda Inna ta rasu ba ni da wadda zan tambaya sai ke. Maɗigar Kumatu tana motsi kamar tana numfashi, haka ake yi? Kashinsa kuma wani lokaci kore-kore. Ki ba ni amsa da wuri.

Taki,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ban ga amsar waccan ba, amma ba zan iya jira ba. Daga gadon asibiti nake rubuta miki. Kada hankalinki ya tashi, Kumatu yana raye, yana gefena yana barci.

Da hantsi jikinsa ya ɗau zafi. Na shafa masa ruwa, na ba shi nono ya ƙi kamawa. Na ce bari in shanya wankin da na jiƙa sai mu tafi asibiti. Kafin in gama, Mai Makulli ta fita ban ji ba. Ina ɗaukarsa in goya sai na ji ya sandare a hannuna. Idanunsa suka juye sai fari, hannuwansa suna karkarwa, kumfa a bakinsa. Na ruga ƙofa ko takalmi babu. Na ja, na ji kwaɗo ya buga ta waje.

Na daki ƙofar nan har tafin hannuna ya mutu. Na yi ihu, titi shiru, rana ta take kowa yana cikin ɗaki. Bakaniken da garejinsa ke bayan katangarmu ne ya ji ni.

Ya ce, "Wa ke nan? Lafiya?"

Na ce, "Ɗana zai mutu, an kulle mu!"

Ya ce, "Babu lokacin fasa kwaɗo. Miƙo shi ta sama."

Kin san katangar da ake kafa wa fasassun kwalabe a kai? Irinta ce. Na kifa durom ɗin ruwa na hau, na naɗe Kumatu a tawul na ɗaga shi sama da kaina. Hannuwa baƙaƙe da man inji suka karɓe shi. Yaya, mutumin da ko gaisuwar kirki ba mu taɓa yi ba, shi na miƙa wa ɗana, ban ma ga fuskarsa ba. Sai ya jefo shimfiɗar ƙasan mota a kan kwalaben ya ce in hauro. Na haura. Shimfiɗar ta zame, kwalba ta tsarge mini hannun dama daga wuyan hannu har kusa da gwiwa. Da na dira ƙasa na ji wani abu ya ɓalle a marata, ɗumi ya bi ƙafata. Ɗinkin ne ya buɗe.

Motar da yake gyarawa ya saka mu, ko murfin gaba babu. A asibiti suka karɓi yaron, suka sauko da zazzaɓin. Likita ya ce ciwon kunne ne ya yi tsanani har ya kawo jijjiga. Ni kuma aka sake ɗinke ni ciki da hannu.

To ji abin da ya biyo baya. Mai Makulli ta dawo ta ga jini a katanga. Ba ta tambayi na wane ne ba, cewa ta yi wa ya ɓata mata fenti ya karya mata kwalabe. Da Baban Kumatu ya dawo daga tafiya, gida ya fara zuwa, ita ta tare shi. Ta ce masa ya sa ido a kan iyalinsa, don in ba ya nan matarsa katanga take haurawa ta shiga motar kanikawa, unguwa duk ta sani.

Ya shigo ɗakin da muke kwance. Ya ga ɗansa da allurar ruwa a ƙafa, ya gan ni da bandeji har gwiwar hannu. Ya ɗauki yaron, ya sumbace shi, sannan ya juyo gare ni a gaban nas ya ce, "Me ke tsakaninki da bakaniken nan?"

Nas ɗin ce ta ba shi amsa, ba ni ba. Ta wanke shi tas, ya sunkuyar da kai. Tun ranar yake ba ni haƙuri, ni kuwa iyakata da shi sannu da zuwa.

Wallahi Yaya sai na rama. Ban san yadda zan yi ba tukuna, amma in ina ba Kumatu nono ba abin da nake tunani sai matar nan. Har tsoro nake kada ɗacin ya bi ruwan nono ya shige shi.

Auta

*

Autata,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙonki, na karanta ina ta dariya ni kaɗai har abokiyar aikina ta ce ko aljanu ne. Ina lafiya, aiki ne dai ya yi mana yawa, mu kaɗan ne marasa lafiya kuma ba sa yankewa. A tsaye nake rubutun nan, direba yana ta danna mini hon, ki yi haƙuri da hannuna.

Maɗiga dole ta motsa, ba ta haɗe ba tukuna. Sai in kin ga ta lotsa ciki ko ta kumbura za ki kai shi asibiti. Koren kashi kuma ba komai, in dai yana sha yana fitsari. Ki riƙa barin sa ya gama da nono ɗaya kafin ki juya shi. Mai barci a tsaye kuwa gado ya yi, ke ma haka kika gasa ni, bayana har yau bai manta ba.

Batun Mai Makulli, ki rabu da ita. Tsufa ne da kaɗaici, irinsu da yawa muna gani. Ki riƙa gaishe ta, wata rana ki miƙa mata Kumatu ta ɗauka, za ki ga ta yi laushi. Direbanki kuma, Baban Kumatu, mutumin kirki ne, ki riƙa yi masa uzuri, hanya ba daɗi.

Ki ci abinci sosai, ki sha ruwa. Ko me matar nan za ta yi miki, kada ki rame, don yaron nan jikinki yake sha. Kin ji ko? Kada ki rame.

Ki shafa mini kumatun.

Yayarki

*

Yaya,

Salam. Muna lafiya, an sallame mu.

Na daɗe ina zuba ido, duk motar da ta tsaya a titi sai na leƙa. Da takardarki ta zo a tsaye na buɗe ta. Na karanta, na sake karantawa, na ce ko idona ne.

Dariya kika yi? Na rubuto miki ɗana ya sandare a hannuna, cikina ya buɗe a kan titi, an yi mini ƙazafi da namiji, ke kuma kina dariya har ana ce miki aljanu? In miƙa mata Kumatu ta ɗauka? In yi wa mijina uzuri? Sannan har sau biyu kika rubuta kada in rama. Ban taɓa zaton haka daga gare ki ba. Ko ke ma kin yarda da maganar katangar ce, kina lallaɓa ni? In haka ne ki fito fili ki faɗa.

Bari ki ji wadda kike ce wa tsufa da kaɗaici. Muna dawowa ta ce mu tashi, mu da masu ɗakin kusa da mu. Ashe tun da can abin da take so ke nan, shi ya sa take gasa ni. Gidan rainon yara za ta buɗe, inda mata ma'aikata za su riƙa ajiye jarirai su tafi ofis. Mun koma wani ɗaki a ƙarshen layin, ƙarami ne amma makullinsa yana hannuna. Kullum in na fito ina ganin gidan. An yi masa shuɗin fenti, an zana agwagi da balan-balan a jikin katangar da na zubar da jini. Kafinta yana ta shigar da ƙananan gadaje.

Hannun nan har yanzu ba na iya matse wanki da shi, da haƙori nake kama gefen nafkin in murɗa da hagu. Goyo kuma likita ya hana ni sai ciki ya warke, yini nake da yaro a kafaɗa.

Ba sai kin ba ni amsa ba. Zan yi abina ni kaɗai.

Auta

*

Auta, 'yar ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ya jikinki, ya jikin yarona? Allah ya ƙara sauƙi. Zauna ki karanta wannan a hankali, na rubuta ta da manyan baƙaƙe kamar 'yar firamare.

Wasiƙunki biyu tare suka zo mini yau. Motar direban ce ta lalace aka ajiye ta, wasiƙar da kika rubuto daga asibiti tana cikin aljihun motar duk tsawon lokacin nan. Amsar da kika gani ta wasiƙarki ta farko ce, ta famfo da igiyar shanya. Sanda nake dariya ban san komai ba. Yau da na karanta, a ɗakin magani na zauna a ƙasa na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar Inna.

Na biyu, ɗauko takardar ki duba da kyau. RAME na rubuta. Kada ki RAME, wato ki ci abinci kada ki zube. Hannun nas ne, ke ma kin san ko likitocinmu sai sun kira ni in karanta musu abin da na rubuta.

Batun ramuwa kuwa, Auta, ki rama. Ni da na ce ki miƙa mata yaro, na janye, Allah ya kiyaye. Na ga yaran da jijjiga ta daɗe a kansu kafin a kawo su, na san yadda suke komawa. Da bakaniken nan ya fita cin abinci a lokacin fa? Matar da ta kulle jariri ta tafi yawonta, ta dawo tana tambayar fenti, ita ce za a ba amanar jariran mutane? Ba da raina ba.

Amma ki saurare ni, kada zafin kai ya ɓata mana aiki. Kada ki je ƙofarta, kada ki zage ta, ko kallon banza kada ki yi mata a titi. In kika yi, ta samu abin faɗa, a ce mai jego ta zautu. Ga abin da za ki yi. Ranar awo da rigakafi, ki je asibitin unguwarku da wuri. Duk uwar da za ta kai mata yaro a kan bencin nan take zama. Ki sa riga mai gajeren hannu. Kada ki zauna a gefe, tsakiyar benci za ki shiga. Kada ki fara magana, na yi shekaru ina kallon bencin awo, ba a taɓa ganin tabo an yi shiru ba. In sun tambaya, ki faɗi abin da ya faru daidai yadda ya faru. Kada ki ƙara ko kalma ɗaya, abin da ta yi ya isa. Ko ba ranar allurar Kumatu ba ce ki je a auna shi, ba wanda zai kore ki.

Direbanki kuma, na janye uzurin. Haƙurin cikin ɗaki ba ya wanke tambayar da aka yi a gaban mutane. Ki ce masa ni na ce ya je garejin nan da rana tsaka, lokacin da ya cika, ya yi wa mutumin godiya da babbar murya, ya faɗi abin da ya yi wa ɗansa kowa ya ji.

Ki riƙa shafa man da suka ba ki a ɗinkin, kada ki ɗaga bokiti. Kuma ki ci abinci. Kin ga ban sake rubuta waccan kalmar ba.

Yayarki da ba ta taɓa zarginki ba

*

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da ban haƙuri. Na ɗauko takardar na duba a bakin taga, wallahi har yanzu wasalin nan ya fi kama da a, amma na yarda. Ki yafe mini. Na yi shiru kwana biyu ne don ina so in zo miki da labari cikakke. Muna lafiya. Ciki ya warke, na koma goyo. Kumatu ya fara zama, sai dai in ya yi dariya ya kife gefe kamar buhu.

Na yi yadda kika ce. Na shiga tsakiyar benci da gajeren hannu, Kumatu a cinya. Ko katin ba a karɓa ba wata mai kayan ofis ta ce, "Subhanallahi, baiwar Allah, haɗari kika yi?"

Na ce, "A'a, katanga na haura."

Benci ya juyo gaba ɗaya. Na ba su labari tiryan-tiryan, murya ƙasa-ƙasa, ina jijjiga yarona. Da na zo wajen fenti wata ta dafe ƙirji. Mai kayan ofis ta ce, "Wane gida ne wannan?"

Na ce, "Mai shuɗin fenti, mai zanen agwagi."

Ta dubi 'yarta da ke barci a hannunta. Ta ce, "Jiya na kai sunanta can." Ko awon ba ta tsaya ba, ta saɓa jaka ta fita.

Na koma, na sake komawa. An auna Kumatu har mai sikelin ta ce ko sayar da shi zan yi. Daga baya ma ba sai na buɗe baki ba, ina shiga za ki ji ana ga ta nan. Wata rana a kantin magani wata mata da ba ta san ni ba ta ba ni labarina, wai har yaron ya mutu. Na juya mata baya na ce, "Bai mutu ba, ga shi nan yana cin ɗankwalina. Sauran duk gaskiya ne."

Ranar buɗe gidan an jera kujeru a waje, an ɗaura balan-balan a ƙofa, an kunna kiɗa. 'Yan uwanta ne kawai suka zo. Ina bakin tagata ina ba da nono ina kallo, har aka kwashe kujerun. Balan-balan ɗin sun yi ta lilo a ƙofar har suka yamutse. Yaro ko ɗaya ba a kai ba, Yaya. Yanzu kafintan ya fara fito da gadajen.

Baban Kumatu ya je garejin. Ya ɗauki yaron a kafaɗa, ya tsaya a tsakiyar masu gyara da masu jiran mota ya yi godiya, kowa yana ji. Bakaniken kunya ta kama shi, ya ce ai ba komai, ya shige ƙarƙashin mota. Da maigidan ya dawo na zuba masa abinci da hannuna. Hira dai ban fara ba tukuna, ina sane da shi.

Shekaranjiya da la'asar ina ninke kayan yaro aka yi sallama. Mai Makulli ce. Ta faɗa, zanin ma kamar ba nata ba. Ban ce ta shigo ba, na fito da Kumatu a hannu muka tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "'Yar nan, duk abin da na tara a rayuwata na zuba a gidan can. Ki je ki ce musu abin bai kai haka ba."

Na ce, "Wanne ne bai kai ba?"

Ta ce, "Ban san yaron ba shi da lafiya ba sanda na fita."

Na ce, "Na yarda. Da kika dawo fa? Me kika ce wa mijina?"

Ta sunkuyar da kai tana murza gefen zaninta. Kumatu kuwa, da bai san kowa ba sai mai fara'a da mara fara'a, ya washe mata baki ya miƙa hannu biyu yana zillo. Na ga idonta ya ciko. Ta ɗago hannu za ta karɓe shi. Na juya da shi ɗaya kafaɗar, na ce, "Ki gaida gida." Na shiga na rufe ƙofata.

Na zaci zan ji wani iri daga baya. Na jira, ban ji ba. Abinci na ci har da ƙari.

Yaushe za ki samu hutu? Ki zo ki ga ɗanki kafin ya fara rarrafe. Ki taho da maganin ƙaiƙayin dasashi in kuna da shi, haƙori ya fara leƙowa ta ƙasa, yawu kamar famfo. Jiya yana cikin shan nono ya datsa mini cizo, sai da na ga taurari. Na yi ƙara, ya saki, ya dube ni ya ƙyalƙyale da dariya. A duk mutanen da suka taɓa ni a shekarar nan, shi kaɗai na yafe wa.

Taki har kullum,
Auta